Daga Imel Zuwa Rumbun Torvalds: Yadda Ake Tace Faci a Kanel ɗin Linux

Duk bayan mako tara ko goma, Linus Torvalds yakan fitar da sabon zubin kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajojin da ke gudana a kanta. Kanel ke raba wa kowace manhaja lokacin aiki da gurbin ajiya, shi ke magana da faifai da katin sadarwa da allon taɓawa. Kowane zubi yakan zo da faci, wato gyara ko ƙari da ake yi wa kod ɗin, tsakanin 12,000 zuwa 15,000, daga hannun mutane kimanin 2,000 da ke aiki a kamfanoni sama da 200, ban da 'yan sa-kai. Zubi na 6.7 da ya fita a Janairun 2024 ya haura faci 17,000. A farkon 2025 layukan kod ɗin suka wuce miliyan 40. Babu mutumin da zai iya karanta wannan duka, Torvalds ma ba ya karantawa.

Sabon shiga yakan ɗauka ƙa'idojin aikin tsauri ne kawai na tsofaffin hannu. Amma in aka bi su ɗaya bayan ɗaya, za a tarar kusan kowacce an kafa ta ne saboda ranar da abu zai lalace: ranar da kwamfutar wani za ta ƙi tashi, a buƙaci sanin facin da ya jawo, wanda ya rubuta shi, wanda ya karɓa, da yadda za a zare shi ba tare da an rusa na kusa da shi ba. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin da ya sa ake mayar da faci mai kyau saboda bayaninsa bai cika ba.

Ga yadda ranar take kasancewa. Wani ya kawo ƙorafi cewa katin sautinsa yana aiki a 6.5, amma ya yi shiru a 6.6. Tsakanin zubin biyu akwai faci wajen 14,000. Sai a ce masa ya yi amfani da git bisect, wani umarni na Git, manhajar da ke adana tarihin kowane sauyi da aka yi wa kod ɗin. Zai shaida wa Git cewa 6.5 lafiya, 6.6 babu lafiya. Git zai ɗauko masa matsayin da ke tsakiyar tarihin, shi kuma ya gina kanel daga nan, wato ya mayar da kod ɗin manhajar da na'ura ke iya gudanarwa, ya tayar da na'ura, ya saurara ko sauti ya fito. In ya fito, laifin yana rabin gaba. In bai fito ba, yana rabin baya. Kowane gwaji na zubar da rabi, don haka gini kimanin 14 ya isa a kai ga faci guda. Wannan dabara ita ce babban makamin neman kuskure a kanel, kuma tana da sharaɗi biyu. Na farko, dole kanel ya ginu kuma ya tashi a kowane matsayi na tarihin. Idan wani ya aiko da jerin faci biyar, na biyu ya karya gini, na huɗu ya gyara, to duk wanda bincikensa ya faɗa tsakanin nan sai dai ya tsallake, a ƙarshe Git ya ba shi tarin waɗanda ake zargi maimakon mai laifi ɗaya. Na biyu, dole kowane faci ya yi aiki ɗaya tak. Idan mutum ya cakuɗa sauya sunaye da gyaran tazarar rubutu da ainihin gyaran kuskure a faci ɗaya mai layi 3,000, binciken zai kai ga facin, amma ba a ƙaru da komai ba, kuma zare shi zai tafi da abubuwan da wasu suka riga suka ɗora gini a kai.

Shi ya sa rubutun bayanin faci yake da nauyi daidai da kod ɗin. Kan saƙon yakan fara da sunan sashen da aka taɓa, sannan taƙaitaccen abin da facin ke yi, cikin harafi 70 zuwa 75. A jikin bayanin ana so a faɗi matsalar da mai amfani ke gani, dalilinta, da dalilin da ya sa aka zaɓi wannan hanyar gyara. Abin da kod ɗin ke yi kowa na iya karantawa, dalilin ne ke ɓacewa bayan shekara biyar. In gyaran kuskure ne, sai a sa layin Fixes, ɗauke da haruffa 12 na farko na lambar shaidar facin da ya shigo da kuskuren tare da kansa. A ƙasan bayanin akwai layi mai ɗigo-ɗigon tsaga uku. Duk abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa, kamar abin da ya sauya daga zubi na biyu zuwa na uku, na masu bita ne kawai, Git yakan watsar da shi lokacin shigarwa. Masu farawa sukan juya lamarin: su zuba tarihin gardama a sama inda zai dawwama, su ɓoye muhimmin dalili a ƙasa inda zai ɓace.

Kafin aikawa akwai ƙananan kayan aiki biyu a cikin rumbun kod ɗin kansa. Na farko, checkpatch.pl, yana duba salon rubutu: tazara mai faɗin harafi 8, tsawon layi wanda aka fi so kada ya wuce 80, ko da yake tun 2020 ba ya tsawatarwa sai an haura 100. Na biyu, get_maintainer.pl, yana karanta fayil ɗin MAINTAINERS ya faɗa maka wa ke kula da fayilolin da ka taɓa da kuma zauren imel ɗin da ya dace. Facin da aka jefa babban zaure kawai ba tare da an sa sunan mai kula ba, da wuya a gan shi, domin saƙonnin da ke shiga can a rana sun haura dubu.

Har yau da imel ake aikawa, rubutu zalla, ba maƙale ba, ba mai ado ba. Mutane da yawa na kukan cewa wannan tsohon yayi ne, kuma kukan yana da tushe: manhajojin imel na zamani sukan mayar da tazara zuwa sarari, su naɗe dogon layi, facin ya isa a gurguje, git am, umarnin da ke shigar da faci daga imel, ya ƙi karɓarsa. Don haka ake amfani da git format-patch da git send-email, ko kuma b4, kayan aikin da Konstantin Ryabitsev ya rubuta, wanda ke ɗauko jerin faci cikakke daga taskar lore.kernel.org tare da tattaro duk amincewar da aka bayar a amsoshi. Abin da ya sa masu kula suka riƙe imel shi ne bita. Mai bita yakan yanko layin da bai gamsu da shi ba, ya rubuta tambayarsa a ƙarƙashinsa, kowa na gani, kuma muhawarar na nan a taska ga wanda zai zo nema bayan shekara goma. Kan saƙo mai alamar PATCH v3 2/5 na nufin zubi na uku, faci na biyu cikin biyar. Kaiwa zubi na bakwai ko na goma ba abin kunya ba ne. Abin da ke ɓata wa masu bita rai shi ne a sake aikowa ba tare da an amsa tambayar da suka yi ba, ko a sake aikowa kafin su gama karanta na farko. Ƙa'ida ita ce a jira aƙalla mako guda kafin tuni, sashen sadarwa kuma ya hana sake aika jeri kafin awa 24.

A ƙarshen kowane bayani akwai layin Signed-off-by. An shigo da shi a 2004, bayan kamfanin SCO ya maka IBM a kotu a 2003 yana iƙirarin cewa an kwashi kod ɗinsa an zuba a Linux. Da wannan layi marubuci ke shaida cewa yana da ikon bayar da aikin a ƙarƙashin lasisin kanel. Mai kula da ya karɓi facin shi ma sai ya sa nasa a ƙasa. Wanda ya yi karatun zaure zai gane tsarin, kamar isnadi ne, kowa na faɗin hannun da ya karɓa daga gare shi. Sauran layukan ma kowanne da ma'anarsa. Acked-by na nufin mai wani sashe ya yarda a taɓa yankinsa. Reviewed-by na nufin an karanta an gamsu. Tested-by na nufin an gwada a na'ura ta gaske. Ba a rubuta wa mutum Reviewed-by sai shi ya furta, kuma in facin ya sauya sosai a zubi na gaba, a cire shi a faɗi dalili.

Facin da aka karɓa ba ya zuwa wurin Torvalds kai tsaye. Yakan shiga rumbun mai kula da ƙaramin sashe, wani lokacin daga nan ya hau zuwa na babban sashe. Direban katin waya maras igiya, wato kod ɗin da kanel ke sarrafa katin da shi, alal misali, yakan bi ta rumbun masu kula da sadarwa maras igiya, sannan babban rumbun sadarwa, sannan Torvalds. Wannan tsani bai zo da sauƙi ba. A farkon 2002 ƙorafi ya yi yawa cewa faci na ɓacewa a akwatin Torvalds, mutane na aikawa sau uku sau huɗu babu amsa. A shekarar ya koma amfani da BitKeeper, manhajar kamfanin Larry McVoy wadda ba buɗaɗɗiya ba ce. Da aka janye izinin amfani da ita kyauta a Afrilun 2005, Torvalds ya zauna ya rubuta Git, ya miƙa kulawarta ga Junio Hamano a watan Yuli. An ƙera Git ne daidai da wannan buƙata: rumbuna da yawa masu zaman kansu, da haɗewa mai arha.

Amma rumbuna masu zaman kansu na da illarsu. Kowane mai kula na gwada nasa shi kaɗai, ba wanda ya san abin da zai faru in aka gama su. Wannan gurbi ne Stephen Rothwell ya cike daga Ostareliya a 2008 da rumbun linux-next. A kowace ranar aiki ana ɗauko rassan masu kula, wato jerin facin da kowannensu ya tara, sama da 200, a haɗe su ɗaya bayan ɗaya a kan rumbun Torvalds, ana gwada gini a hanya. Reshen da ya karya gini sai a aika wa mai shi saƙo, a yi amfani da nasa na jiya har ya gyara. Washegari a rushe komai a sake daga farko. Saboda haka ba a kafa aiki a kan linux-next, tarihinsa na yau ba zai kasance gobe ba. Amfaninsa shi ne a ga karo tun da sauran makonni.

Karon iri biyu ne, kuma na biyun ya fi haɗari. Na farko shi ne rassa biyu su taɓa layi ɗaya, Git ya tsaya ya ce a zaɓa. Wannan a bayyane yake. Na biyu kuwa Git ba ya ganinsa sam. A ce wani reshe ya sauya wani aikin cikin kanel, da can yana karɓar bayani biyu, yanzu uku, kuma marubucin ya bi duk wurare 40 da ake kiransa ya gyara, kamar yadda ƙa'ida ta tanada, tunda kanel ba ya alƙawarin cewa hanyoyinsa na ciki za su tsaya yadda suke, wanda ya sauya shi ke gyara wa kowa. A daidai lokacin wani reshe ya shigo da sabon direba da ke kiran aikin da bayani biyu. Fayilolin daban ne, haɗewa za ta wuce lami lafiya, sai wajen gini abin ya fashe. Wannan ma da sauƙi. Mafi muni shi ne inda siffar kiran ba ta sauya ba, ma'anarsa ce ta sauya, misali yanzu ana buƙatar a riƙe wani makulli, wanda ke hana ayyuka biyu taɓa bayani ɗaya a lokaci guda, kafin a kira. Gini zai yi kyau, na'ura za ta tashi, sai bayan kwanaki ta daskare a hannun wani.

Hanyoyin kauce wa wannan sanannu ne. Ɗaya ita ce a ware sauyin da kowa ke buƙata a ƙaramin reshe da aka kafa a kan wata alama ta rumbun Torvalds, a yi alƙawarin ba za a sake taɓa shi ba, sannan duk masu kula da abin ya shafa su ja shi zuwa nasu. Tunda lambobin shaidar iri ɗaya ne, Git zai gane abu ɗaya ne in an zo haɗewa. Wata hanyar ita ce a raba aikin zuwa zubi biyu ko uku: a shigo da sabuwar hanya a bar tsohuwa, a juya masu amfani sannu a hankali ta rumbunan sassansu, a goge tsohuwar bayan kowa ya tashi daga kanta. In kuma sauyin na inji ne zalla, kamar sauya suna a wurare ɗaruruwa, akan rubuta shi da Coccinelle, kayan aikin da Julia Lawall ke jagoranta a Faransa, a gudanar da shi a ƙarshen lokacin karɓa, bayan kowa ya shigo. Haka aka yi a Afrilun 2025 wajen mayar da del_timer zuwa timer_delete a faɗin rumbun gab da 6.15-rc1, wato zubin gwaji na farko na 6.15.

Da zarar zubi ya fita, ƙofa takan buɗe na mako biyu. A nan ne masu kula ke aika wa Torvalds buƙatar ya ja rassansu. Buƙatar na ɗauke da adireshin rumbu, da alama mai sa hannun sirri, da bayanin abin da ke ciki, da lissafin fayilolin da aka taɓa. Bayanin yakan zama rubutun haɗewar a tarihi. Sa hannun kuma ya samo asali ne daga kutsen da aka yi wa kernel.org a 2011, wanda ya sa shafin ya rufe fiye da wata guda, daga nan aka gina tsarin da masu kula ke shaidar makullan juna. Mako biyun nan ba lokacin rubuta sabon abu ba ne. Abin da zai shiga ya kamata ya riga ya kwana a linux-next. A Oktoban 2022, lokacin 6.1, Torvalds ya fito fili ya nuna ɓacin ransa kan masu kawo nasu a kwanakin ƙarshe, ya ce aikin ya kamata ya kammala tun kafin ƙofa ta buɗe. Sashen sadarwa ma yakan rufe reshensa na sababbin abubuwa, net-next, tsawon makonnin biyu, gyaran kuskure kaɗai ke shiga ta reshen net.

Akwai abubuwa biyu da mai kula zai yi da kyakkyawar niyya su jawo a ƙi jan reshensa. Na farko shi ne ya ɗauke facinsa ya sake dasa su a kan sabon tushe gab da aikawa, don tarihi ya yi kyan gani. Yin haka na sauya lambar shaidar kowane faci. Duk wanda ya ɗora aiki a kan tsofaffin lambobin ya shiga ruɗani, layukan Fixes na nuni ga abin da babu shi, kuma gwajin makonni shida da aka yi ya tashi a banza, domin abin da aka gwada ba shi ake aikawa ba. Torvalds na duba kwanan watan shigarwa, reshen da aka dasa jiya ba ya ɓuya. Na biyu shi ne mai kula ya jawo rumbun Torvalds cikin nasa don ya warware karo da kansa. Torvalds ya fi son a bar masa karon. Yana haɗe rassa sama da ɗari a kowane zagaye, ya ƙware a kai, kuma karon na nuna masa inda sassa ke taka ƙafar juna. Abin da ake so shi ne a ambaci karon a cikin buƙatar, a nuna yadda aka warware shi a linux-next, ya kwatanta da nasa.

Zaɓen tushen reshe ma ba ƙaramin abu ba ne, kuma abin da ya faru a Maris 2021 ya nuna haka. Wani gyaran tsafta da ya shiga 5.12-rc1 ya ɓatar da lissafin inda fayil ɗin musanya yake farawa a kan faifai. Kwamfutar da ke amfani da fayil, ba keɓaɓɓen yankin faifai ba, wajen sauke abin da ya yi wa ma'adana yawa, sai ta riƙa rubutu a kan bayanan mai ita. Torvalds ya sauya wa alamar suna zuwa v5.12-rc1-dontuse, ya fitar da rc2 kafin lokacinsa, sannan ya roƙi masu kula kada kowa ya kafa reshe a kan rc1. Dalilin roƙon shi ne abin lura. An riga an gyara kuskuren, amma duk reshen da ya tsiro daga can zai ɗauki ramin a tarihinsa, kuma wani bawan Allah da zai zo yin bisect kan wata matsala daban bayan shekara guda zai iya faɗawa ciki ya rasa faifansa.

Fitar rc1 ita ce rufe ƙofa. Daga nan kowace Lahadi sai sabon zubin gwaji, yawanci har rc7, wani lokaci rc8. Zubi na 4.15 ya kai rc9 a Janairun 2018 saboda aikin toshe ramukan tsaro na Meltdown da Spectre. A wannan zango gyara kaɗai ake karɓa, kuma yadda makonni ke tafiya haka ma'aunin ke ƙara tsauri. Tsarin na tafiya ne saboda jira ba shi da tsada: wanda ya makara, wata biyu ne kawai. A zamanin jerin 2.5, wanda ya ɗauki shekara biyu daga ƙarshen 2001 zuwa ƙarshen 2003, wanda ya rasa shiga ya san zai daɗe a waje, don haka kowa na tura ɗanyen aiki da ƙarfi.

Ƙa'idar na da haƙora. Tsarin ajiyar fayil na bcachefs ya shiga a 6.7. A tsakiyar 2025, ana cikin makonnin gwajin 6.16, marubucinsa Kent Overstreet ya aiko da sabuwar hanyar ceto bayanai, yana mai cewa masu amfani da suka shiga matsala ba za su iya jira ba. Torvalds ya ce wannan sabon abu ne, ba gyara ba, kuma ba shi ne karon farko da suka yi saɓani kan haka ba. A 6.17 aka rubuta cewa ana kula da bcachefs daga waje, a 6.18 aka cire shi gaba ɗaya. Hujjar Overstreet ba ta banza ba ce, bayanan mutane abu ne mai daraja. Sai dai a ganina Torvalds ne ke da gaskiya a kan tsarin: in kowane mai kula ne zai yanke wa kansa lokacin da ƙa'ida ta shafe shi, makonnin gwaji sun daina zama na gwaji, domin abin da aka gwada a rc2 ba shi zai fita ba.

Sama da duk wannan akwai dokar hana koma-baya. Manhajar da ke aiki a kan kanel na jiya dole ta yi aiki a kan na yau, ko da kuwa ta dogara ne da wani hali da marubuta ke ganin kuskure ne. In faci ya karya ta kuma gyara bai samu da wuri ba, zare facin ake yi, marubucin ya sake shiri. Thorsten Leemhuis na bibiyar irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe da regzbot don kada su nutse. A gefe guda injinan gwaji na aiki dare da rana. Na Intel yakan ɗauki faci tun daga zauren imel ya gina shi a kan nau'o'in na'ura da yawa, ya aiko wa marubuci da kuskuren da bai gani ba saboda shi a kan kwamfuta iri ɗaya ya gwada. Na Google, syzbot, yakan jefa wa kanel kiraye-kiraye barkatai har ya faɗi, ya kawo rahoto, sau da yawa har da ɗan shirin da zai maimaita faɗuwar. Ɗaruruwan rahotanninsa na nan a buɗe, domin samo kuskure ya fi samo mai gyara sauƙi.

Akasarin mutane ba zubin Torvalds suke amfani da shi ba. Suna kan rassan da aka daidaita, waɗanda aka fara a 2005, yanzu Greg Kroah-Hartman da Sasha Levin ke riƙe da su. Sharaɗin farko a nan shi ne gyaran ya riga ya shiga rumbun Torvalds. Ba don haka ba, sai a gyara abu a tsohon zubi, mutum ya ɗaukaka zuwa sabo ya tarar da kuskuren na jiransa. Ana so facin ya zama ƙarami, kada ya wuce layi 100, kuma ya magance matsala ta gaske. Marubuci yakan sa adireshin imel na waɗannan rassa, stable, a cikin bayanin, layin Fixes kuma ya nuna iya nisan da za a mayar da gyaran baya. Inda facin ya ƙi zama a tsohon reshe saboda kod ɗin ya sauya, sai a aika wa marubuci sanarwa, in bai daidaita shi da hannu ba, wannan reshe ya zauna babu gyaran. Haɗarin da ya fi ɓoyuwa shi ne facin ya zauna daram alhali ya dogara da wani da ba a mayar ba. Tunda marubuta da yawa na mantawa da sa alamar, Levin na amfani da wata manhaja mai zaɓo facin da ya yi kama da gyara, abin da ya ceto gyare-gyare masu yawa, ya kuma jawo ƙorafin masu kula da ke ganin ana kwasar abin da ba su yi nufin a mayar ba.

A kowace shekara ana ware zubi ɗaya, galibi na ƙarshen shekara, a ba shi dogon tallafi: 5.10, 5.15, 6.1, 6.6, 6.12. A 2023 aka sanar cewa za a rage wa'adin daga shekara shida zuwa biyu, ko da yake akan tsawaita wa wasu in akwai masu amfani da ke taimakawa da gwaji. Daga irin waɗannan rassa ne kanel ɗin wayoyin Android ke fitowa, har da Tecno da Infinix da itel da suka cika kasuwannin waya. Google kan ɗora nasa, mai ƙera guntun wayar ya ɗora nasa, mai wayar ya ƙara. Gyaran tsaron da aka rubuta ba tare da layin Fixes ba zai iya tsayawa a sama, bai taɓa gangarowa wayar da ke aljihun mutum ba.

Duk tsanin nan a kan amana yake tsaye, kuma an taɓa gwada ta. A Afrilun 2021 rikici ya tashi kan wasu masu bincike na Jami'ar Minesota a Amurka, waɗanda a baya suka aika faci masu ɓoyayyen aibi da gangan, da sunayen aro, don su ga ko za a kama. Kroah-Hartman ya dakatar da karɓar komai daga jami'ar, aka sake bitar faci sama da 400 da suka taɓa fitowa daga can. Mafi yawansu lafiya suke. Asarar da aka yi ita ce makonnin ƙwararrun masu bita, kuma wannan shi ne abin da aikin ya fi ƙaranci. Kamfanoni na son biyan mai rubuta sabon abu, domin ana iya nuna shi a rahoton shekara. Mai karanta facin wasu kuwa aikinsa ba ya bayyana, sai ranar da ya gaza. A Agustan 2023 Darrick Wong ya ajiye kula da tsarin fayil na XFS, ya ce ya gaji, aikin da ya kamata mutane da yawa su raba ya taru a kan mutum ɗaya. Sashen zane da allo ya nemi mafita ta hanyar bai wa amintattun marubuta da dama ikon shigar da faci a rumbu ɗaya, bisa sharaɗin wani daban ya yi bita, masu kula kuma su tsaya kan aika wa na sama. Wasu sassan sun bi sawu da ƙungiyar masu kula maimakon mutum guda, wasu har yanzu ba su yarda ba.

Fayil ɗin MAINTAINERS kansa na nuna halin da ake ciki, domin kowane sashe na da layin matsayi. Supported na nufin akwai wanda ake biya ya kula. Maintained na nufin akwai mai kula, ko da a lokacin hutunsa ne. Odd Fixes na nufin mai shi ba ya iya wuce karɓar ɗan gyara jefi-jefi. Orphan na nufin babu kowa. Wanda ya rubuta gyara ga irin wannan sashe na ƙarshe zai duba tarihin fayil ɗin ya ga wa ya shigar da faci na baya-bayan nan, ya aika masa tare da zauren da ya fi kusa. In nan ma shiru, takardun kanel sun ambaci Andrew Morton a matsayin wanda ake kai wa facin da ya rasa mai karɓa.